Tagar Ɗakin Gaggawa

Da likita ta ce hanjin da ya toshe ya buɗe, ɗan tsohon da ke kwance a gadon ne ya fara ɗaga hannu sama yana yi wa Ubangiji godiya.

Tun da ciwon daji ya kama hanjin tsohon, ɗakin gaggawa ya zame masa gida na biyu. Wannan karon ma a keke napep aka kawo shi daga Titin Bauchi, ciki ya kumbura kamar ganga, sai amai yake yi.

"Da sauran kwana, Baba," in ji likitar. "Jibi za ka koma gida."

Ɗan ya gyara masa bargo, ya ce bari ya sanar da dangi. Ya fita ya tsaya daidai tagar da ke saitin gadon, bai lura a buɗe take ba.

"Oga, ya sake tashi fa," ya ce a waya, muryarsa a gajiye. "A'a, kar ka sayar wa kowa. Ka bar akwatin gawar nan a shagonka na kasuwar Katako. Wannan ciwon ba ya ƙarya, za mu zo ɗauka."

Tsohon, wanda da aikin kafinta ya ɗauki nauyin karatun yaron, ya zuba wa silin ido.

Ɗan ya dawo da fara'a. "Kowa yana murna, Baba."

Tsohon ya kamo hannunsa ya riƙe.

"Ka ce masa ya ajiye a inuwa. Rana tana lanƙwasa katako."