Motar Marayu

Ƙawata, matso kusa, wannan ba maganar tsakar gida ba ce.

A shekarun da fari ya koro mutanen arewa, lokacin da kuɗin fetur ya sa kowane ma'aikaci a Tudun Wada ya hau sabon babur, wata ƙungiyar agaji ta Turawa ta kafa rumfa a filin bayan kasuwa. Su ke kawo madarar gari da alkama, mu matan ƙungiyar unguwa mu dama mu raba. Shugabarsu wata doguwar Baturiya ce, muna ce mata Sista. Tafintanta ya gudu aikin kamfanin titi inda albashi ya fi tsoka, sai ta koma lallaɓawa da Hausarta ta littafi.

Doka ɗaya gare ta da ba ta karyawa: ba ta ganin kowa a keɓe. Duk mai magana ya yi ta a gaban kwamiti, wato mai unguwa Malam Isiyaku da dattawansa, da shugabarmu Hajiya Nana. Ta ce a wani gari da raɗa a kunne aka riƙa karkatar mata da buhuna.

Cikin baƙin akwai wata dattijuwa, Inna Talatu, da surukarta Ishatu, matar ɗanta da ya rasu a hanya, da wata yarinya, Ummuhani, da ko famfara ba ta fara ba. Dattijuwar ke goyonta, ita ke mata kitso, "ɗiyata" take ce mata. Kowa ya ɗauka autarta ce. Ishatu kuwa yarinyar ba ta ishe ta kallo ba. In ta zuba mata kunu sai ta kau da kai, ta ce da ta kusa, "Miƙa wa waccan."

Kafin saukar damina zawo ya ɗauke Inna Talatu, Allah ya jiƙanta.

A makon ne Sista ta sanar cewa ƙungiyarsu na da gidan marayu can kudu, da gadaje da likita da makaranta. Mota za ta zo ta ɗauki duk yaron da ba uwa ba uba. Ba wanda bakinsa ya iya sunan garin. Aka fara ƙus-ƙus cewa waɗanda aka kwasa bara daga wani sansanin, har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba.

Daga nan Ishatu ta fara kewaya rumfar Sista. A gan ta a bayan buhuna, a gan ta a jikin motar Sista, Landiroba. Ta matso kamar za ta yi magana, wani ya gifta, ta koma da baya. Hajiya Nana ta ce gwangwanin madara take hari, ta sa aka riƙa lura da ita. Rannan har Ishatu ta kama hannun rigar Sista. Sista ta yi murmushi, ta zare hannunta, ta ce gobe, gaban kwamiti.

Ummuhani ta daina cin abinci, sai zama a kan tabarmar marigayiya. Amma kullum da safe za ka same ta an yi mata wanka an sa mata kwalli. Kowace cikinmu ta ɗauka 'yar'uwarta ce ke neman lada.

Ranar ta zo. Doguwar mota ce mai raga a tagogi. Aka jera bencina a gindin darbejiya, maza suka cika su. Duk yaron da aka gabatar, Sista ta tambaya ina uwa, ina uba. In aka yi shiru sai a ɗaura masa rawayan zare a hannu, a hau da shi.

Aka kawo Ummuhani. Aka tambaya, aka yi shiru. Malam Isiyaku ya sa a kira Ishatu. Ta durƙusa, ta ja mayafi har haɓa.

"Wannan yarinya taki ce?" in ji Sista.

Ishatu tana zanen ƙasa da tsinke. Hajiya Nana ta ce tata fa, mutumin da ko sunanta ba ta taɓa kira ba, ai dangin miji sai dai haƙuri.

"Baiwar Allah, buɗe baki, rana na yi," in ji Malam Isiyaku.

Da kyar aka ji muryarta. "Ɗiyar Inna ce."

Sista ta sunkuya ta tambayi yarinyar wace ce wannan. Yarinyar ta ce Ishatu ce.

Aka ɗaura zaren. A lokacin, da kyar nake haɗa baƙi, kafin in gama haɗa rubutun da ke jikin motar ta tashi. Ishatu ta koma gun wanke-wanke, tukunya ɗaya ta riƙa dirza har aka kira la'asar.

Da kaka ƙungiyar ta naɗe rumfarta ta tafi, ba ta bar adireshi ba. Ishatu ta zauna a gidanmu tana sayar da fura, har wani tela a Gyallesu, Salmanu, ya aure ta. Ta haifi mace. Don ya faranta mata, ya ce a mayar da sunan yarinyar nan da aka tafi da ita. Ni na kai mata albishir tana fitowa daga wankan jego.

Ta damƙe wuyan hannuna. "Yaya, ki roƙe shi ya sake. Bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ba zai fara yau ba. Na nemi ganin Baturiyar nan ita kaɗai, ko sau ɗaya, ban samu ba."

Kin san kunyar mutanen can ta ninka tamu. Mu sunan ɗan fari kawai muke ɓoyewa, su ko da wuƙa a wuya mace ba ta amsa cewa nata ne a gaban maza. Don girman Allah, ƙawata, ya tsaya tsakanina da ke, ko Salmanu bai sani ba har yau: Ummuhani 'yar farin Ishatu ce.