Ruwan Butar Ɗanliti

Tun da aka kafa banɗakin gwaji a kowace kasuwa, mata suka daina haƙuri da zafin fitsari. Lantana mai fura ta shiga da safe, fitilar ƙofar ta koma ruwan ɗorawa.

"Ƙwayar cutar maikofilasma ce," in ji na'urar banɗakin. "Tsohon gwaji ba ya ganinta. Maganin na mutum biyu ne, ba zai fito ba sai an gwada mijinki."

Ta daɗe tana shan wannan azaba, ana ce mata sanyi ne kawai. Ta rufe ƙwaryarta, ta je rumfar mahauta ta taso mijinta, Ɗanliti.

"Ni lafiyata lau," ya ce, amma ya shiga. Kunya ta hana shi yin fitsari, sai ya tuttule ruwan butarsa a ramin.

Na'urar ta ɗaga murya har mahauta suka juyo: "Malam Ɗanliti, wannan ruwan rijiyar masallaci ne. Rijiyar lafiyarta lau."

Ya fito yana zare ido. "Wa ya faɗa mata sunana?"

Lantana ta cika moɗa da ruwa, ta miƙa masa.

"Shanye, Malam. Ni yau ba na sauri."