Dariyar Malam da Ƙaramin Gurbi

Tun da aka fara auna wa kowane gida ma'ajiyar na'ura kamar ruwan famfo, ba a adana sabo sai an goge tsoho. Ranar sunan jikarta, Inna Tabawa ta rera wa jaririyar waƙa, tana so na'urar gidan ta riƙe, ta kunna mata bayan shekara ashirin. Waƙar ta shiga da kyar, amma lissafin jiran shekarun ya rasa wurin zama. Sai na'urar ta nemi izinin goge dariyar marigayi Malam, mijin Inna, da ke ajiye a ciki.

"Kada a taɓa min shi," in ji Inna.

'Yarta Zulai ta duba, ta miƙe zumbur har ɗankwalinta ya zame. "Inna, ashe da daƙiƙa take ƙirgawa, shi ya sa lambar ta yi ƙiba! In da shekara ne, ashirin ce kacal, ƙaramin gurbi ya ishe ta."

"To, maza a rage mata ƙibar."

Zulai ta sauya, komai ya zauna daram. Inna ta rangaɗa guɗa.

Zulai ta ce, "Sai dai yanzu ba ta san rana ba, Inna. Shekarar kawai ta sani."

"Ta kunna duk ranar da ta ga dama," in ji Inna, ta kara wa jaririyar dariyar kakanta a kunne.