Lambar Lasisi a Hannun Baba

"Sake karanto min, Baba!" in ji 'yarsa.

Karo na biyar ke nan tana buga umarnin sabunta lasisi a baƙin allon kwamfutar shagonsu, allon yana cewa lambar ba daidai ba ce. Injin buga takardu ya tsaya cik, sai an sabunta lasisin zai yi aiki. Malamin da ya kawo tambayoyin jarrabawa sai duba agogo yake, ɗalibai na can suna jira.

"Ke ce ba ki iya ba," in ji Baba, yana ƙanƙame da takardar da yake karanto mata lambar daga ciki. "Shekara talatin ina riƙe da shagon nan."

Ta miƙa hannu biyu. "Don Allah, mu gani."

Da ƙyar ya saki. Ta duba, ta dafe kai.

"Baba, wannan ai garantin firij ne."