Muryar Ticha Ba Kiɗa

Alhaji Hammawa ba ya sauraron kiɗa, ko na tallan sabulu. Amma ya ce yana son jin muryar nan da ta sa 'yarsa Juwairiya ta sallami manema masu mota, ta tsaya kan malamin fiziks mai babur. Sharaɗinsa ɗaya: a kawo waƙar ba ganga ba fiyano.

Malamin, Zulkifilu, bai damu ba. Waƙar da ya yi wa Juwairiya bara a situdiyon Terhemba ta zaga wayoyin Lafia har Kwandere. Shi kansa da ya fara jin ta bai gane muryarsa ba, amma wannan ba abin mamaki ba ne. Yana koya wa ɗalibai cewa ba wanda ke jin kansa yadda mutane ke jin sa. A waƙar, harafin ƙa ɗinsa ma ya koma ka, ƙauna ta zama kauna, ya ɗora laifin a kan sifika.

Ya je neman muryar zalla. Terhemba ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa Doose, wadda ke riƙe masa na'ura.

"Ticha, bairos ya cinye muryan. Kida kawai ya rage."

"Ba ni kiɗan."

"Me za ka yi da shi?"

Zulkifilu ya yi murmushin wanda ya yi karatu. Sauti tashi ne da faɗuwa. In ka kifa kiɗan, ka ɗora shi daidai kan waƙar, inda wancan ya tashi wannan ya faɗi, sai su cinye juna, murya ta tsira. Ya yi wa Terhemba wannan bayanin har da zane a ƙasa. Terhemba ya ce dai da an haƙura.

A kwamfutar makaranta ya yi aikin. Ya kifa, ya matsa, ya sake matsawa, kwatsam ganga ta ɓace kamar an rufe mata baki. Ya saurari baitin farko, ya yaba wa kimiyya, ya ɗan yaba wa kansa, ya zuba a faifai.

Ranar Juma'a bayan la'asar, a zauren Alhaji da ke Azuba, muryar ta fito wasai. Alhaji ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Juwairiya na bayan labule. Zulkifilu ya sunkuyar da kai, irin tawali'un da ya gwada a madubi.

"Lallai yaro, Allah ya yi maka baiwa," in ji Alhaji.

Baitin ƙarshe ya wuce. Saura wurin da ganguna ke barkewa su rufe waƙar, wurin da yanzu ya zama fili fetal. Muryar nan mai zaƙi ta yi gyaran murya, ta ce:

"Doose, goge na ticha duka, a bar nawa. Ba zai gane ba."