Malamar Asibiti da Alamar Sabis

Kai da ba ka iya ganin abu ka bar shi a ajiye, zauna ka ji. An yi wata malamar asibiti a wani ƙauye na bayan dutse, inda sabis ɗin intanet ke zuwa kamar baƙon kunya, ya leƙo minti biyar ya koma. Duk wata sai ta tura sunayen yaran da za a yi wa riga-kafin ƙyanda kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba motar magani ta wuce su sai wani watan. To, wanda ya saita mata kwamfutar irinka ne, mai son tari. Can ƙasan allon, gefen agogo, ya jera mata 'yan alamomi sun fi goma sha biyar: ta lasifika, ta waƙa, ta yanayin gari, har da wadda ba ta san uwarta ba balle ubanta. Alamar sabis kuwa, wadda ita ce ran aikin, tana can ɓoye bayan wata 'yar kibiya. Ranar Alhamis sabis ya zo ya tafi tana tsakiyar awon jarirai, ba ta sani ba. Ranar allura mata arba'in suka tako da goyo tun daga rugage, ba motar magani, ta fito ta ba su haƙuri da bakinta. Wata tsohuwa ta dube ta ta ce, "Malama, ƙyanda ma za ki ba ta haƙurin?" Wallahi maganar nan ta ci mata rai, ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Washegari ta zauna ta buɗe saitin, ta bi alamomin nan ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowacce amfaninta. Wadda ba ta da amsa ta tura ta bayan kibiya. Ta fito da ta sabis ita kaɗai, ta dasa ta gefen agogo, sannan ta juya teburin yadda allon zai fuskanci sikelin awo. Wata ya zagayo, Alhamis ta zo, hantsi ya yi, rana ta take, shiru. Idonta na kan kusurwar nan. Tana riƙe da wani jariri sai ta ga alamar ta cika tsaf. Ta miƙa shi ga uwarsa ko wando ba a mayar masa ba, ta yi tsalle ɗaya ta danna, ta tura sunayen. Saƙon na fita, sabis ya ɗauke. Asabar da safe sai ga mota a ƙofar asibiti, an sauke akwatin sanyi, yara sittin da uku suka sha allura, ihunsu har bakin kasuwa. Tsohuwar nan ce ta fara rangaɗa guɗa, jikanta a bayanta yana ta tsala kuka.

Ka ga alama ɗaya ta yi abin da goma sha biyar suka kasa. Shi ya sa Hausawa suka ce, da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.