Baitin da ke Bisa Ƙofa

Zauna, Tanimu. Tun ɗazu kake cika mini kunne wai kai jikan malamai ne, littattafan gidanku sun cika ɗaki. Madalla. Bari in buga maka misali.

A can ƙasashen gabas an yi wani mawaƙi Musulmi, masanin falsafa, mai rubutu da harshe biyu: Urdu don mutanen gida, Farisanci don na bayan duwatsu. Duk inda ya juya zancensa ɗaya ne, mutum ya san darajar kansa, ya tashi ya yi. Da ya rasu, ɗan ƙanensa ya gaji gidan. Kai, mutumin nan ya iya tsaron kayan gado! Kullum da safe sai ya goge alƙalamin mamacin, ya kaɗe buzunsa, ya hau kujera ya share wani baiti da aka sassaƙa bisa ƙofar zaure. Amma gonarsa tana mutuwa. Magudanar da ke kawo wa garin ruwa daga kogi ta cushe da yashi, kowa ya naɗe hannu yana jiran hukuma. Alkamarsa kuwa, wadda iyalinsa za su ci bana, in ba ta sha ruwa cikin mako biyu ba, shi ke nan.

Ana haka sai ga wani tsohon manomi daga bayan duwatsu, hannuwansa duk kanta, ya kawo wa gidan mawaƙin buhun zabibi tukuici. Ya ce ƙauyensu da ƙishi aka san shi, har ranar da limaminsu ya karanta musu baiti guda na mawaƙin nan. Suka ɗauki diga, suka yi shekara bakwai suna fasa dutse har ruwa ya shigo, ga kuma abin da gonakin suka haifa. Magajin gidan ya tambayi wane baiti ne. Baƙo ya rera shi da Farisanci. Magaji ya yi murmushi, ya ce ai dole, shi bai iya Farisanci ba, Baffa ya ɓoye wa na gida mai kyan ya kai wa bare. Tsohon ya nuna bisa ƙofar zauren da sanda ya ce, “Ranka ya daɗe, ga shi nan da harshenka.”

Magaji ya ɗaga kai. Shekara ashirin yana share rubutun nan, sai ran nan ya karanta shi da hankalinsa: ruwa ba ya bin mai kuka, mai haƙa yake bi. Kunya ta rufe shi. Ya ari shebur ya nufi magudanar, amma kafin ruwa ya iso, alkamar ta zama abincin awaki. A shekarar nan da zabibin baƙo yaransa suka yi kalaci.

Saboda haka je ka buɗe ɗakin nan naku ka karanta, Tanimu, tun kafin bare ya zo ya karanta maka. Ba banza Bahaushe ya ce ba: inuwar giginya, na nesa ka sha.